Wai mene ne metro ɗin nan da ya shiga bakin kowa?

Tun da aka sake tayar da maganar jirgin ƙasa na cikin gari a Kano da Kaduna nake jin abin haushi a rediyo, mai gabatarwa ya ce metro, baƙonsa ɗan siyasa ya ce monorel, mai bugo waya kuma ya ce layit rel, kuma wai duk abu ɗaya suke nufi. Ba ɗaya ba ne fa.

Monorel a kan dogo ƙwaya ɗaya yake tafiya, galibi a sama, irin wanda Amaechi ya fara a Fatakwal aka watsar. Layit rel ƙaramin jirgi ne da zai iya ratsa titi su yi kafaɗa da kafaɗa da motoci, kamar na Adis Ababa da aka buɗe a 2015. Waɗannan ba su da wata rikitarwa.

Metro ne ake wa kwamacala. Wasu sun ɗauka sai jirgi ya bi ta ƙarƙashin ƙasa, wataƙila don na farko da ya fara aiki a Landan a 1863 ta ƙasa ya bi, daga sunan kamfaninsa Metropolitan ne ma aka gutsuro kalmar, Faransawa suka yayata ta da nasu na Paris a 1900. Amma rami ba sharaɗi ba ne sam. Sharaɗin shi ne hanyar ta zama tasa shi kaɗai, ba mota, ba ɗan acaɓa, ba mai talla ba akuya, sannan jirage su riƙa zuwa a kai a kai har mutum ya daina tambayar ƙarfe nawa jirgi ke tashi, ka je tasha kawai ka tsaya, minti kaɗan ga wani.

Killacewar nan kuwa maganar rai ce. Blue Line na Legas da ya fara ɗaukar fasinja a Satumbar 2023, kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, wutarsa a jikin wani dogo na uku take a ƙasa, ka taka ka sheƙa barzahu, shi ya sa aka katange shi. Wanda ya manta abin da ke faruwa idan titi da dogo suka haɗu ya tuna Ikeja a Maris ɗin 2023, da jirgi ya kwashi bas ɗin ma'aikatan gwamnati aka rasa rayuka.

To mu zo kan na Abuja, wanda shi ne ya fi ɗaure min kai don har tasharsa ta tsakiyar gari Metro ake ce mata. Buhari ya buɗe shi a Yulin 2018, korona ta zo a 2020 aka ajiye shi, sai a Mayun 2024 Tinubu ya sake buɗewa aka ce a hau kyauta. Dizal yake sha, sawu ƙalilan yake yi a rana, ya wuce ka sai ka nemi benci. Uwa uba ina tashoshin suke? Kukwaba, Wupa, Kagini, an gina su can gefe nesa da gidajen mutane, sai daga baya aka koma ana yi musu hanyoyin shiga. Ma'aikacin da ke Nyanya ko Mararaba, inda cunkoson gaske yake kullum safiya, layin ma bai bi ta wajensa ba. Jirgin cikin gari ai da ƙafa ake zuwa masa ko da keke, in har sai ka biya ɗan sahu ya kai ka tasha, ka sauka ka sake biyan wani, to me aka rage maka?

Ni dai duk wanda ya zo rediyo ya ce zai kawo wa Kano metro, kada a tsaya tambayarsa biliyan nawa, a tambaye shi minti nawa ne tsakanin jirgi da jirgi, kuma mutumin Kurna ko Sheka ta ina zai tako zuwa tasha ba tare da mota ta kaɗe shi ba.