Sashen Ikonomi a Jirgin Sama

Ikonomi shi ne sashe mafi araha a jirgin saman fasinja, kuma shi ya fi ɗaukar mutane. Yawanci yana bayan sashen 'yan kasuwa, daga wajen fukafukai har zuwa wutsiya, kuma ana yi masa alama da harafin Y a tsarin tikiti. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta amince da kujerun masu yawon buɗe ido a 1952 a kan hanyar Turai zuwa Amurka, sannan aka fito da ikonomi a 1958. Kafin nan, hawa jirgi sai masu hannu da shuni.

Abin da ake sayarwa a wannan sashe wuri ne, kuma da awo ake ba da shi. Tazarar kujera da ta gabanta kan kai inci 30 zuwa 32 a doguwar tafiya, faɗinta inci 17 ko 18. A Boeing 747 mutum goma ke zama a jere guda: uku a dama, huɗu a tsakiya, uku a hagu. Dogon mutum gwiwarsa na taɓa bayan kujerar gaba, mai babbar riga kuwa sai ya tattare ta a cinya. Wanda ya samu tsakiya, in fitsari ya kama shi, dole ya ta da maƙwabci da "Alhaji, a yi haƙuri."

A Katsina da Daura, akasarin mutane ta hanyar aikin Hajji suka san wannan sashe. Jiragen maniyyata na tashi daga filin jirgin saman Umaru Musa 'Yar'adua zuwa Madina ko Jidda, tafiyar kusan awa biyar, ƙarƙashin kulawar hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa a 2006. Kamfanin Max Air na attajirin Katsina, Alhaji Ɗahiru Barau Mangal, ya daɗe cikin masu wannan jigila. Mai zuwa Dubai ko Alƙahira sari ko neman magani kuwa, galibi sai ya bi ta Kano ko Abuja.

Bayan an tashi, ma'aikatan jirgi kan turo keken abinci, a miƙa wa kowa ɗan faranti rufe da takardar gwangwani: shinkafa da kaza ko kifi, burodi, ruwa da shayi. Da yawa kan ce ba gishiri. Ba laifin mai girki ba ne kaɗai, domin iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, kuma matsinta daidai yake da na kan dutse mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000, abin da ke dusashe ɗanɗano. Canjin matsin iskar ne kuma ke toshe kunne lokacin sauka. Haɗiyar yawu ko hamma na buɗe shi.

Ban ɗaki shi ne babbar jarrabawar sabon matafiyi. Ɗan akurki ne, ba buta, ga ƙarar zuƙar iska mai firgitarwa idan an danna. Zuba ruwa a ƙasa don alwala na janyo santsi, shi ya sa malaman bita ke cewa a yi alwala tun a sansanin alhazai. Wasu tsofaffi kan ƙi shan ruwa don gudun shiga, wannan kuwa kuskure ne: dogon zama ba motsi tare da ƙarancin ruwa na iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Likitoci na ba da shawarar a riƙa miƙewa ana ɗan takawa.

Kaya ma da ƙa'ida. Ruwa ko turare a jakar hannu kada kwalbar ta wuce mililita 100, Saudiyya ta hana shiga da goro, kuma a dawowa lita biyar ta zamzam ake ba kowane alhaji.