Ƙwayoyin Daidaita Taya

Ƙwayoyin daidaita taya wasu 'yan ƙwayoyi ne na gilashi ko tangaram da ake zubawa cikin tayar mota ko ta babur, a bar su suna yawo a ciki, domin su gyara nauyin ƙafar yayin da take juyawa. Girmansu daga tsakuwar yashi ne zuwa ƙwayar gero. Ana amfani da su a madadin guntayen dalma ko ƙarfe da makanikai ke maƙalawa a bakin wili bayan an ɗora ƙafar a injin balansin, wato na'urar da ke nuna gefen da nauyin ƙafar ya fi karkata. Cikin sanannun sunayensu a kasuwa akwai Counteract na Kanada da Dyna Beads na Amurka.

Matsalar da suke magancewa

Da wuya a sami tayar da nauyinta ya rarrabu daidai wa daida. Wani gefe kan ɗan ɗara wani. A tsaye wannan ba kome ba ne, sai an hau titi. Tayar ƙaramar mota tana juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa idan ana gudun kilomita 100 a awa, kuma a wannan gudun rarar giram 30 a bakin wili tana fizgar ƙafar da ƙarfin da ya kusa kilo 5. In gudun ya ninka biyu, fizgar ta ninka huɗu. Ita ce ke sa direba ya ji sitiyari na karkarwa a hannunsa, ita ce ke cinye taya tabo-tabo, ta kuma gajiyar da shokozoba da boris.

Yadda suke aiki

Dabarar ta daɗe. Injiniyan Faransa Maurice Leblanc ya yi rajistar wata na'ura mai daidaita kanta da ruwa a 1916, sannan a 1932 E. L. Thearle na kamfanin General Electric ya bayyana irinta mai amfani da ƙwallayen ƙarfe. Har yau injinan wanki da yawa suna da zoben ruwa a bakin gangarsu saboda wannan dalili.

Sirrin abin yana ga gudu. Ƙafar mota ba a kafe take ba: tana kan sifirin, ita ma tayar tana lotsawa. Duk abin da ke cikin taya mai juyawa yana neman wurin da ya fi nisa da cibiyar juyawar. Idan ana tafiya a hankali, gefe mai nauyi ne ke jan ƙafar waje, don haka shi ya fi nisa, ƙwayoyin kuma can za su nufa. Ba su gyara kome ba, wataƙila ma sun ƙara. Amma akwai wani gudu da ƙafar ta fi yin tsalle a kansa. Da an wuce shi sai al'amarin ya juya: ƙafar ta koma juyawa a kan tsakiyar nauyinta, gefe mai nauyi ya matso ciki, marar nauyin ya fita waje. Nan ne ƙwayoyin ke gangarawa su taru a gefe marar nauyi har rarar ta cike. Mota na tsayawa su zube ƙasan tayar, in ta tashi su sake rarrabuwa.

Wannan sake rarrabuwa ita ce babbar fa'idarsu. Dalmar da aka maƙala yau ta dace ne da tayar yau. Taya kuwa tana ci, laka na maƙalewa a wili, wani lokaci rami ya fizge dalmar ba a sani ba. Ƙwayoyin suna bin duk canjin da ya zo.

Inda suka dace da inda ba su dace ba

Sun fi karɓuwa a wajen masu tirela, bas-bas, manyan babura da motocin shiga daji masu ƙaton taya, waɗanda ɗora su a injin balansin wahala ne, dalmar da suke buƙata kuma tana da yawa. Tayar babur kan ci giram 30 zuwa 60, ta tirela kuwa ta haura giram 200.

A ƙaramar mota ne gardama take, kuma masu shakka suna da hujja. Rashin daidaito iri biyu ne: mai sa ƙafa tsalle sama da ƙasa, da mai sa ta lilo hagu da dama saboda nauyin ya karkata ciki ko waje. Ƙwayoyin suna taruwa ne a layi ɗaya a tsakiyar taya, don haka na farkon kaɗai suke iya gyarawa. Taya mai faɗi kuma gajeren gefe, irin ta motocin zamani, ta fi fama da na biyun, shi kuwa sai an sa nauyi a bakin wili ciki da waje. Ban da haka, gudun da ƙafar ƙaramar mota ta fi tsalle a kansa yana kusa da gudun da aka saba yi a babban titi, wato daidai iyakar da ƙwayoyin ke fara aiki. Mai tallan da ya ce suna maye gurbin injin balansin a kowace mota ya wuce gona da iri. Ba sa kuma miƙe wilin da ya lanƙwashe, ba sa gyara tayar da ta kumbura.

Sakawa da kulawa

Ana jefa su ne a 'yar leda lokacin haɗa taya da wili, ledar ta fashe a ciki da an fara tafiya, ko a ɗura su ta bawul bayan an cire ƙwayarsa. Babban abokin gabarsu danshi ne. Injin hura iskar mai faci, in ba a tsiyaye ruwan tankinsa ba, ruwa yake turawa tare da iskar, musamman da damina. Haka ma sabulu ko man da ake shafa wa bakin taya idan ya yi yawa. Da sun jiƙe sai su dunƙule su manne wuri guda, su zama wata sabuwar rara. Ƙwaya ɗaya tana iya maƙalewa a bawul iska ta riƙa zurarewa, shi ya sa ake sa bawul mai matata.

Batun dalma

Dalma guba ce, guntayenta da ke faɗuwa a titi kuma suna niƙewa su shiga ƙasa da ruwa. Tarayyar Turai ta hana amfani da ita wajen daidaita ƙafar ƙananan motoci daga Yulin 2005, jihar Kalifoniya ta Amurka ta bi sahu a Janairun 2010. Wannan ya buɗe wa ƙwayoyin kasuwa, sai dai ƙarfe da tutiya ne suka fi maye gurbin dalmar, kuma da irin waɗannan guntaye a bakin wili sababbin ƙananan motoci ke fitowa daga masana'anta.