Komawa Daura da zama: amsoshin tambayoyin masu shirin ƙaura

Me ya sa fili da haya suka yi tsada a Daura, alhali ba ita ce hedikwatar jiha ba?

Daura tsohon gari ne, mazaunin masarautar da ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura, Baure, Zango, Mai'adua da Sandamu. Amma tashin farashi ya samo asali ne daga shekarun 2015 zuwa 2023, lokacin da marigayi Muhammadu Buhari ke shugabancin ƙasa. A 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, a shekarar aka buɗe asibitin sojojin sama, kuma a watan Disambanta aka aza harsashin Jami'ar Sufuri. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda ya ratsa ta Kazaure da Daura da Katsina. Kowace ma'aikata da ma'aikatanta take zuwa, kowane ma'aikaci kuma yana neman wurin kwana. Gonakin bakin gari da ake shuka gero da wake suka koma fuloti-fuloti, masu hali na gida da na waje suka shiga saye suna ajiyewa. Don haka idan dillali ya faɗa maka kuɗi, ka sani akwai buri a cikin farashin, kuma akwai wurin ragi.

In sayi gida kai tsaye, ko in fara kama haya?

Ka kama haya ta shekara guda, ka ga damina da bazara da idonka. Wannan ita ce shawarar da muka fi tsayawa a kanta. Ƙasar Daura jigawa ce, da rani ko'ina a bushe yake fes, ba ka bambance tudu da kwari. Sai a watan Agusta za ka ga layin da ruwa ke kwanciya, da gidan da aka gina a kan tsohon kududdufi da aka cike da shara. Alamarsa ba ta ɓuya: gishiri-gishiri fari a gindin bango, fenti na ɓarewa daga ƙasa, tsaga tana tashi daga kusurwar taga. Da bazara kuma, a Afrilu da Mayu, za ka gane ɗakin da rufinsa ya yi ƙasa har ba ya kwantuwa, da unguwar da rijiyoyinta ke janyewa.

Kafin ka biya kuɗin haya a rubuta yarjejeniya: ranar shiga, ranar ƙarewa, wa ke gyaran rufi da kwashe masai, wa ke gyaran famfo da ƙofa. La'adar dillali a yanke ta tun kafin ya nuna maka gidan.

Cikin gari ya fi, ko sabbin unguwanni?

Ya danganta da irin zaman da kake so. Cikin gari, wajen fada da rijiyar Kusugu, gidaje ne na gado, lunguna matsattsu, maƙwabtaka mai ƙarfi. Ba ka rasa mai duba maka gida idan ka yi tafiya, amma mota ba lallai ta kai ƙofarka ba, kuma samun gidan sayarwa wanda duk magada suka amince abu ne mai wuya. GRA (unguwar da gwamnati ta keɓe) da sabbin shimfiɗu na hanyar Katsina da hanyar Kano sun fi fili da tituna, sai dai can kai ne gwamnatin kanka: ruwanka, wutarka, maigadinka, duk daga aljihunka.

Waɗanne takardu zan nema kafin in biya kuɗin fili?

Nan ne mutane suka fi asara, don haka a bi a hankali.

Da farko ka san irin filin. Akwai awon gwamnati, wanda hukuma ta shimfiɗa ta ba shi lamba, akwai kuma awon igiya, wato gonar da mai ita ya yanka da kansa. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, shi ya sa takardar da ta fi kowace ƙarfi a cikin gari ita ce shaidar mallaka wadda gwamna ke sa wa hannu. Idan an nuna maka ita, kada ka tsaya ga hoton takarda. Ka ɗauki lambar fayil ka je ma'aikatar filaye a Katsina a bincika: sunan wa ke kai, an taɓa jinginar da ita a banki, kuma lambar ta yi daidai da filin da aka kai ka? Sau da yawa takarda gaskiya ce, fili ne ba nata ba.

Idan awon igiya ne, ka tambayi asalin gonar. In ta gado ce, a nuna maka takardar rabon gado ta kotun shari'a, ko kuma duk magada su zauna su sa hannu, mata da maza, har da waliyyin marayu idan akwai ƙanana. Babban wa shi kaɗai ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa, kuma 'yar'uwar da ke aure a Damagaram ko Legas za ta iya dawowa bayan shekara goma ta kai ƙara, kotu kuma ta saurare ta. Ka sa mai unguwa da dagaci su shaida cinikin, da maƙwabtan iyaka huɗu. Su ne suka san ko an taɓa sayar da filin ga wani.

Sannan ka kawo mai safiyo naka, wato ma'aunin fili, ba na mai sayarwa ba. Fuloti na al'ada ƙafa 50 ne a 100, amma igiya tana miƙewa tana kuma tsukewa. A auna a gabanka, a dasa duwatsun iyaka na siminti a kusurwa huɗu ranar. Ka tabbata filin bai hau burtali ba, bai shiga ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki ba, kuma ba ya cikin hurumin layin dogo ko faɗaɗa titi. Irin waɗannan ana rushe su, kuma wanda ya yi gini bayan an shata hanya ba ya da bakin neman diyya.

Kuɗi kuma ta banki za a biya, zuwa asusun mai suna a takarda. Da an gama, ka ja katanga ko da layi uku ne na bulo.

Yaya batun ruwa da wuta?

Ruwan famfo na garin daga madatsar Sabke ake turo shi, amma ba kowane layi bututu ya kai ba. Ka tambayi maƙwabta sau nawa yake zuwa a mako, ka kuma dubi yawan 'yan garuwa da ke shiga layin da safe, su ne ma'auni. Gida mai mutum shida zuwa takwas yana buƙatar tanki na aƙalla lita 2,000. Idan za ka haƙa rijiyar burtsatse, ka fara jin zurfin da na kusa da kai suka yi kafin su sami ruwa, ka kuma nesanta ta da masai da mita 30 in fili ya ba da dama. A haƙa da rani, don wadda aka haƙa da damina takan yaudari mai ita.

Wuta a hannun kamfanin rarraba lantarki na KEDCO take. Gidan da ba mita mai kati, ka nemi takardar biyan kuɗi ta ƙarshe kafin ka shiga, kada a bi ka bashin wutar da tsohon ɗan haya ya bari. Da yawa daga masu hali sun koma sola. A nan ƙurar hunturu ce matsalar: tana rufe faifan har caji ya ragu sosai, sai an riƙa wankewa kowane mako daga Disamba zuwa Fabrairu. Batura kuma a ajiye su inda iska ke shiga, zafi ne ke kashe su da wuri.

Idan ginawa zan yi fa?

Ka sami izinin gini daga hukumar tsara birane ta jiha tukuna. A ƙasa mai rairayi kada a yi rowar harsashi: a haƙa har a taɓa ƙasa mai tauri, a zuba kankare, a ɗaga daɓen gida sama da titi. Bulo mai inci 9 kada buhun siminti ɗaya ya fitar da fiye da 30. Wanda ke fitar da 50 yashi yake sayar maka. A yi feshin maganin gara kafin daɓe, a kuma ɗaure kwano da kyau, domin iskar farkon damina ita ke kwashe rufi. Ka dasa darbejiya ta yamma da ɗakunan kwana, nesa da bango kaɗan.

Ni baƙo ne, ta ina zan shiga cikin mutane?

Ta ƙofar mai unguwa. A makon farko ka sa wani dattijo na layin ya raka ka, ka gaishe shi, ka faɗi sunanka da sana'arka da inda ka fito. Sai limamin masallacin unguwa, sai maƙwabta na dama da hagu. Maiɗakinka ma ta shiga gidajen ta gaisa da matan. Bayan haka ka riƙa halartar suna da ɗaurin aure da jana'iza, ka ba da naka idan ana karo-karon gyaran taransifoma ko yashe kwata.

Ka kuma girmama abin da mutanen garin ke girmamawa. Rijiyar Kusugu, inda labarin Bayajidda da sarauniya Daurama ya ce an kashe maciji, ita ce tushen alfaharin Daurawa a matsayin uwar Hausa Bakwai. Sarki na yanzu, Alhaji Umar Faruk Umar, ya hau gadon sarauta a 2007 bayan rasuwar Muhammadu Bashar. Lokacin hawan Sallah da Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal tituna na kusa da fada sukan cika da dawaki da jama'a, sai ka shirya fitarka tun da wuri.

Zan iya zama a Daura ina aiki a Katsina?

Za ka iya. Tazarar kusan kilomita 80 ce ta hanyar Mashi, wato wajen kilomita 160 zuwa da dawowa. Ka lissafa man kwana biyar a mako ka gwada shi da kuɗin hayar ɗaki a Katsina. Da yawa sun fi ganewa su kwana can su dawo ranar Juma'a. Yara kuwa ka karɓo musu takardar sauya makaranta da sakamakon zangon ƙarshe, ka kuma daidaita ƙaurar da dogon hutu, don su fara sabon aji a watan Satumba tare da sauran yara.