Tambayoyi da amsoshi kan giyar inabin Chardonnay ta ƙasashe masu sanyi

Me sanyi ke ƙara wa wannan inabi?

Tsami. Chardonnay farin inabi ne ɗan asalin yankin Burgundy na Faransa. A wuri mai zafi yakan nuna da wuri, sukari ya yi yawa, tsami ya gudu, giyar ta fito da nauyi. A Chablis kuwa, can arewacin Burgundy, inda ƙasar noma farar ƙasa ce mai cike da ɓawon ƙananan halittun teku, a hankali yake nuna har zuwa Satumba. Shi ya sa ake jin ƙamshin lemon tsami da ɗanyen tuffa. Haka abin yake a tsibirin Tasmaniya na Ostireliya da kudancin Ingila.

Ina haɗarin yake ga manomi?

Chardonnay na saurin toho, kuma daren sanyi ɗaya a watan Afrilu ya isa ya ƙone tohon. A 2021 manoman Chablis sun kwana suna kunna manyan kyandirori a tsakanin layukan gona. Wasu ruwa suke fesawa, ya daskare a jikin toho ya zame masa riga. Amma idan feshin ya tsaya kafin gari ya ɗumama, ɓarnar ta fi ta wanda bai fesa ba.

Yaushe ake tsinka?

Idan sukari ya kai kusan giram 200 zuwa 220 a lita. Kowane giram 17 na ba da kusan kashi 1 cikin ɗari na barasa, don haka giyar kan tsaya a kashi 12 zuwa 13. Jinkirin mako guda na iya cinye tsamin da aka yi shekara ana tattali.

Bayan matsa fa?

Ana barin ruwan ya kwana ya tace kansa, sannan yis, mai mayar da sukari barasa, ya fara aiki a tankin ƙarfe, a zafin digiri 16 zuwa 20. Idan tsamin ya cika kaifi, sai a bar wasu ƙwayoyin bakteriya su mayar da shi mai laushi irin na nono. Daga nan ƙamshin man shanu ke zuwa, kuma kaɗan ya wadatar. Ganga ta katako da ake ajiye giya a ciki a Burgundy lita 228 take ci. Sabuwa fil na rufe ƙamshin inabi, don haka tsohuwa ta fi dacewa da irin wannan giya.

Me ke lalata ta?

Iska. Ganga na tsotse ruwa, in ba a riƙa cike ta ba giyar ta yi duhu ta koma binega. Warin ruɓaɓɓen ƙwai kuma alama ce ta yis da bai sami isasshen abinci ba.

Da wane sanyi masu sha ke ajiye ta a tebur?

Digiri 10 zuwa 12, galibi tare da kifi ko kaza. Sanyin firiji kai tsaye na danne ƙamshin, sai a fito da kwalba kamar minti ashirin kafin a buɗe.