Ɗafa-goshin bio-: ma'anarsa da asalinsa

Bio- ɗafa-goshi ne, wato ɗan guntun nan da ake maƙala wa kalma a gabanta don a ba ta sabuwar ma'ana, kamar dai yadda ba- ke yi a Bakano ko ma- a makaranta. Ma'anarsa rai ko rayuwa ko duk abun da ya shafi masu rai, kuma daga Girkanci ya fito, daga kalmar βίος wadda ake rubutawa bios da haruffan boko. Masu Turanci "bayo" suke cewa, masu Faransanci su ce "biyo", shi ya sa ɗan makaranta a Kano zai ce bayoloji takwaransa na Damagaram ya ce biyoloji, alhali darasi ɗaya suke nufi.

Abun da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne Girkawan dā kalmomi biyu gare su, akwai zoe akwai bios, kuma mai jin Hausa ba zai sha wuya wurin gane bambancinsu ba domin kusan shi ne bambancin da ke tsakanin rai da rayuwa. Zoe shi ne rai, wanda mutum yake da shi akuya ma tana da shi, daga danginsa aka samu zoon wato dabba, sannan zoology ilimin dabbobi. Bios kuwa rayuwa ce, yadda mutum ya tafiyar da kwanakinsa, tsawon zamansa a duniya, sana'arsa, har ma abun da yake ci da kansa. Idan aka ce wa sarki ranka ya daɗe to gefen zoe aka taɓa, idan kuma aka ce wane ya yi rayuwa mai kyau to bios kenan. Ba wai Girkawa ba sa cakuɗa su ba ne sam, suna yi, amma dai nauyin kowace kalma a nan yake. Masanin falsafar Girka Aristotle ma da ya zo kasa rayuwar mutane gida 3, ta neman jin daɗi da ta hidimar jama'a da ta zurfin tunani, da bios ya kira kowacce. Haka Plutarch, wajen shekara ta 100 bayan haihuwar Annabi Isa, da ya jera tarihin manyan Girka da na Rum bibbiyu, misali Alexander da Julius Caesar, sunan aikin nasa Bioi Paralleloi, bioi ɗin jam'in bios ne.

Akwai wani wasan kalma mai daɗi da ya zo mana daga Heraclitus mutumin Afisa, wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa. A Girkanci bakan da ake harba kibiya da shi ma sunansa bios, harufansu ɗaya, inda ake ɗaga murya ne kawai ya bambanta, irin yadda karin sauti ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Sai ya ce sunan baka rayuwa amma aikinsa mutuwa.

In aka ƙara tona ƙasa, masana harshe sun mayar da bios da zoe duka zuwa saiwa ɗaya ta tsohon harshen da yawancin harsunan Turai da na arewacin Indiya suka tsiro daga cikinsa, kuma daga saiwar nan ce Latin ya samu vita da vivus, Sanskrit ya samu jiva, Turanci ya samu quick wanda a dā ma'anarsa mai rai ne tun kafin ta koma mai sauri.

To yaya aka yi kalmar da ke nufin rayuwar mutum ta koma tana ɗauke da tsirrai da ƙwari da ƙwayoyin da ido ba ya gani? Wannan aikin malaman kimiyyar Turai ne. A 1802 mutum biyu, kowa a nasa ɓangaren, Gottfried Reinhold Treviranus a Jamus da Jean-Baptiste Lamarck a Faransa, suka yi amfani da kalmar biologie a matsayin sunan ilimin duk abubuwa masu rai, duk da an ɗan taɓa rubuta ta kafin su, kamar Karl Friedrich Burdach a 1800. In da za a bi Girkanci tsantsa zoe ce ta fi dacewa da wannan aiki, amma tuni danginta suka tafi wurin dabbobi, sai bios ta ɗauki kayan. Daga nan fa ƙofa ta buɗe: Eduard Suess ya kawo biosphere a 1875 don sashen duniya da rai ke zaune a ciki, likita Ernest Besnier ya kawo biopsie a 1879 don ɗan yankin tsoka da ake cira daga jikin mai rai a duba, sai bayokemistiri da bayogas da sauransu birjik. Tsohuwar ma'anar dai ba ta mutu ba, tana nan a biography wato tarihin rayuwar mutum, wadda John Dryden ya yi amfani da ita a Turanci a 1683 yana magana a kan Plutarch ɗin nan, kuma ita ce aka gutsure ta zama "bio" da kowa ke cikewa a shafinsa na Facebook ko Instagram.

Ba kullum ne yake zama a goshin kalma ba, wani lokaci yana ɓuya a ciki ko a ƙeya. Microbe da Charles Sédillot ya ƙirƙira a 1878 ƙaramin rai ne, mikros da bios. Amphibian su kwaɗo kenan, masu rayuwa biyu, ruwa da tudu. Antibayotik kuwa, wanda Selman Waksman ya yaɗa sunansa a farkon shekarun 1940, ma'anarsa mai gāba da rai, wato ran bakteriya, kuma ni a ganina sanin wannan kaɗai na da amfani ƙwarai domin maganin ba ya taɓa bairos ɗin da ke kawo mura, amma kullum sai ka ga ana shansa don mura.

A Faransa da Jamus in ka ga an rubuta bio a jikin kayan abinci to nufin an noma shi ba da takin zamani ko maganin feshi na kemikal ba, abun da masu Turanci ke kira organic.

Sai a kula kada a haɗa shi da bi- na Latin mai nufin biyu, irin na bicycle mai ƙafa biyu. Bayometirik da ake ɗaukar zanen yatsa don BVN bio- ne, awon jikin mai rai, amma B ɗin da ke farkon na'urar zaɓe ta BVAS bimodal ne, hanya biyu, yatsa da fuska. BIOS na kwamfuta shi ma ba ɗan gidan ba ne, harufan farko ne na Basic Input/Output System, sunan da Gary Kildall ya yi amfani da shi a manhajar CP/M a 1975.