Ruwa da Hayaƙin Salansa: Amsar Tambayoyin da Ake Ta Maimaitawa

Motata tana ɗigar da ruwa ta salansa da safe. Ta lalace ne?

A'a. Duk litar fetur da inji ya ƙone tana fitar da ruwa kusan lita guda a siffar tururi. Idan ƙarfen salansa da sanyi, tururin ya koma ruwa ya ɗiga. Shi ke nan.

Farin hayaƙin da nake gani lokacin hunturu fa?

Shi ne dai tururin. A Disamba da Janairu ana ganinsa a motocin Maradi da asuba. Idan sirara ne, kuma ya ɓace bayan minti goma da tayar da mota, ka kwantar da hankalinka, Alhaji.

Baƙin hayaƙi?

Mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Kafin ka bari kowa ya taɓa kafireto ko injekta, buɗe matatar iska ka duba. Mutum ya shekara yana shan ƙurar hanyar Dakoro bai taɓa canza ta ba, sannan ya zo yana kukan mota na shan mai! Idan matatar da kyau, sai a duba injekta, da fulogi, da na'urar da ke auna iska. Man kwalba na bakin titi ma yana shigo da datti ya ɓata injekta.

Hayaƙin ya yi shuɗi-shuɗi, yana warin ƙonannen mai.

Baƙin mai ne yake shiga inda fetur ke ƙonewa. Lura da lokacin da yake fita. Idan da tashin farko ne, ko bayan mota ta daɗe a tsaye tana aiki, robobin bawul ne suka bushe, gyaran da sauƙi. Idan sai ka taka totur yake turnuƙewa, ringin fistin ne ya cinye, sai an sauke inji. Mai turbo a duba turbon tukuna. Kuma ja sandar mai ka gani, wasu cika shi suke yi ya wuce layi.

Farin hayaƙi bai tsaya ba ko da inji ya yi zafi, ruwan lagireto yana raguwa kaɗan-kaɗan, amma mota tana tafiya lafiya. Zan iya zuwa Damagaram in dawo kafin in gyara?

Nan ne ba zan yanke maka hukunci da baki ɗaya ba. Abin da aka fi zargi shi ne gaskit ɗin kan inji, wanda makanikanmu ke kira juwan kulas, ya ƙone, ruwa yana tsiyaya cikin silinda. Amma yana iya zama kan injin ne ya tsage, yana kuma iya zama ruwan ta wani tiyo yake yoyo, hayaƙin kuwa tururi ne kawai da ya taru a salansar motar da ba ta yin doguwar tafiya. A motar gazuwal ma, injekta mai matsala tana fitar da farin hayaƙi mai yaji a ido, babu ruwan lagireto a ciki.

Ana cewa ka shinshina, idan hayaƙin yana ƙanshi mai zaƙi-zaƙi to ruwan sanyaya inji ne. Gaskiya ne, amma ga wanda yake zuba ruwan kanti mai launi. Yawancinmu ruwan famfo ko na rijiya muke zubawa, shi kuwa ba shi da ƙanshi. Kada rashin ƙanshi ya ruɗe ka.

Yi wannan da safe, inji da sanyi. Buɗe murfin lagireto, cika shi, tayar da mota, ka zuba ido. Kumfa tana ta tasowa ba tsayawa? Iskar silinda ce take shiga ruwa. Sannan duba ƙarƙashin murfin baƙin mai da sandar awo. Idan man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi, kada ka ƙara tayar da motar, domin irin wannan man ba ya kare metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu. Cire fulogi ka jera su, wanda ya fita fes kamar an wanke shi, silindarsa ce take shan ruwa. Sai dai wani lokaci duk waɗannan ba za su nuna komai ba alhali gaskit ɗin ya fara tafiya, sai an auna matsin kowace silinda a garaji.

To, tafiyar? Idan babu kumfa, mai da tsabta, allurar zafi ba ta wuce rabi, wataƙila ka je ka dawo da jarkar ruwa a but, kana tsayawa a Tasawa kana dubawa. Na ce wataƙila. Hanyar ta fi kilomita 200, kuma a zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ƙaramin yoyo yana zama babba cikin sa'a guda. Inji ya tafasa sau ɗaya, kan injin na aluminiyam yana iya lanƙwashewa, gyaran gaskit ya koma sayen inji. Ni dai shawarata, hau motar haya. Idan an zo gyara, a kai kan injin a duba shi a goge kafin a sa sabon gaskit, a ɗaure kusoshin da ma'auni bisa tsarinsu, ba da ƙarfin hannun yaron garaji ba.

An ce in cire tamostat, inji zai daina zafi.

Kada ka yarda. Tamostat ne ke tare ruwa, ba ya buɗe masa hanyar lagireto sai inji ya yi zafi. Idan babu shi: Inji zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya sha mai, ya ƙara tara ruwa a salansa. Wanke lagireto, duba fanka.

Akwai maganin da ake zubawa ya tsayar da hayaƙi?

Kauri yake ƙara wa baƙin mai, ya ɓoye matsalar na ɗan lokaci. Masu sayar da mota sun san shi sarai. Idan za ka sayi ta hannu, je da sassafe ka taɓa injin, a tayar a gabanka yana da sanyi.

Salansata ta huje a ƙarƙashi, amma ba na ganin hayaƙi. Zan iya bari?

Don Allah a'a, Hajiya. Iskar da ke kisa a ciki ba ta da launi ba ta da wari, tana shiga ta ƙasan mota. Ciwon kai da jiri da barci ne alamarta, ga yara a baya an rufe gilashi an kunna sanyi. Kai wa mai walda yau. Kuma kada a bar mota tana aiki a rufaffen garejin gida, ko na minti biyar ne.