Dokar Tantance Illar Aiki ga Muhalli da Aikin Sabon Jami'i a Hukumar Hanyoyi

Duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano lokacin da ake sake gina ta ya ga abin da babban aikin hanya ke jawowa: ƙura, tifofi ɗauke da jar ƙasa, ramuka a bakin gonaki, da shagunan da aka shafa wa jan fenti. Akwai dokar da ta tanadi yadda za a tunkari irin wannan, kuma ita ce abu na farko da ya kamata wanda aka ɗauka jami'in muhalli a ma'aikatar ayyuka ko ta sufuri ya sani ciki da bai.

Asalinta doka ce ta mulkin soja, mai lamba 86 ta shekarar 1992, wadda ma'aikata ke kira dokar EIA, wato dokar tantance illar aiki ga muhalli. An yi ta shekara huɗu bayan da aka jibge shara mai guba daga Italiya a garin Koko a 1988, abin da ya sa aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. Tun daga 1999 Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke riƙe da dokar, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 kuma tana bin diddigin masu karya ƙa'idojin muhalli. A jihar Kaduna kuma akwai hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA.

Abin da dokar ta ce a taƙaice shi ne: gwamnati ko ɗan kasuwa, babu mai fara aikin da zai iya yi wa muhalli babbar illa sai an auna illar tun kafin a sa katafila. Ta kawo jerin ayyukan da binciken ya zama wajibi a kansu. A ɓangaren sufuri akwai manyan hanyoyin ƙasa, sabon layin dogo da rassansa, filin jirgin sama mai titin sauka na mita 2,500 ko fiye, da wurin fasa dutse da ke cikin kilomita 3 daga mazaunin jama'a. Wannan na ƙarshe ana yawan mantawa da shi, alhali ba a yin hanya sai da tsakuwa. Hanyar Abuja zuwa Kano mai tsawon kilomita 375 da layin dogon Kaduna zuwa Kano da ya ratsa ta Zariya duk irin waɗannan ayyuka ne.

Hukumar da ke da aikin ita ce ke yi masa rajista a Ma'aikatar Muhalli. Jami'ai su zo su ga wurin, su sa shi a ɗaya daga rukuni uku. Na farko yana bukatar cikakken bincike, na biyu taƙaitacce, na uku ba ya bukata. Daga nan sai a amince da iyakar abin da za a bincika, a ɗauko kamfanin ƙwararru da ma'aikatar ta yi wa rajista ya shiga daji.

A nan sabon jami'i yake fara koyon aiki. Mai digiri da ya gama bautar ƙasa yakan shiga a mataki na 08, kuma ba shi zai rubuta rahoton ba. Aikinsa ya bi ƙwararrun ya tabbatar abin da za su rubuta sun auna shi da gaske. Babban aiki ana son bayanin damina da na rani, kuma a ƙasar Zazzau dalilin a fili yake. Rafin da za a taka a ƙafa a watan Maris shi ne zai ci kwalbati a Agusta. Ƙurar da za a auna a hunturu kuwa ta riga ta yi yawa tun kafin tifa ta farko ta wuce, don haka idan ba a auna ta tun farko ba, gobe ɗan kwangila zai ce iska ce ta kawo, kuma ba mai iya ƙaryata shi. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa iyakar ƙurar PM10, wato ƙura mai laushi da ake shaƙa har cikin huhu, a maikrogiram 45 cikin kowace mita kubik a awa 24.

Ɗibar ruwa nan ne aka fi yin aika-aika. In hanya za ta tsallaka Kubanni ko Galma, ana ɗiba sama da wurin gadar da kuma ƙasa da shi, a rubuta lambar GPS ta kowane wuri. Zafin ruwa, tsaminsa da iskar da ke cikinsa a bakin rafin ake auna su, domin suna canjawa kafin a kai ɗakin gwaji. Ruwan da za a nemi mai a cikinsa a kwalbar gilashi ake zuba shi, saboda mai yana manne wa roba. Na neman ƙarafa masu guba irin su darma ana ɗiga masa asid. Duka a jera su cikin akwatin sanyi mai ƙanƙara, kusan digiri 4. Kwalbar da ta wuni a bayan mota cikin zafin Afrilu sakamakonta ba shi da amfani, ko da wane irin tambari aka buga a takardar. Ƙasa ana haƙa ta zurfi biyu, daga sama zuwa santimita 15, sannan 15 zuwa 30. Na'urar auna ƙara a ɗaga ta kamar mita ɗaya da rabi, a kafa ta a ƙofar makaranta ko asibiti, inda mutane za su sha hayaniyar.

Sai ganawa da jama'a. Ana bi ta hakimi, dagaci da mai unguwa, amma taron ƙofar fada kaɗai ba ya wadatarwa. Mata suna cikin gida, makiyaya suna daji, masu tireda suna kasuwa. Su ne suka san inda burtali ya bi, inda tsohuwar maƙabarta take, da rijiyar da unguwa ta dogara da ita. Kusa da birni kuma akwai ganuwa, wadda kayan tarihi ce da doka ta kare. Idan daftarin rahoto ya fito, ana ajiye shi kwana 21 na aiki a wuraren da suka haɗa da sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha, a sanar a jarida da rediyo, kowa yana da damar karantawa ya kai ƙorafi a rubuce. Rahoton na Turanci ne, kuma yakan yi kauri ƙwarai. Jami'in da ya zauna ya bayyana wa mutanen ƙauye abin da ke ciki da Hausa ya cika manufar dokar fiye da wanda ya ajiye kundin a ofis ya tafi. Bayan haka kwamitin masana ya duba, a yi gyara, a ba da amincewa tare da sharuɗɗa.

Maganar diyya wata doka ce daban, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, na 29 ya ce a biya abin da aka raya a kai: gini, amfanin gona, itatuwa. Gara a faɗa wa mutane haka tun farko, a kuma ƙirga kadarori da hoto da sa hannun mai su kafin ranar rufe ƙirga, don rigimar da ke tasowa daga baya ba ta ƙarewa da wuri.

Hukuncin dokar 1992 ya tsufa. Mutum ɗaya tarar N100,000 ko ɗaurin shekara biyar, kamfani daga N50,000 zuwa N1,000,000. Ga aikin biliyoyin naira, wannan ba abin da zai hana ɗan kwangila barci ba ne. Abin da ke sa shi motsi shi ne takardar kwangila. Kowane rahoto yana da babin tsarin kula da muhalli, kuma idan ba a kwashe abin da ke cikinsa an sa shi a jerin ayyukan da za a biya kuɗinsu ba, to ya mutu a kan kantar ofis. Tankar ruwa nawa za ta riƙa jiƙa hanya, sau nawa a rana, nawa aka ware na cike rami, duk sai sun fito da farashinsu.

Ramin da ake ɗibar jar ƙasa shi ne babban abin da ake bari a baya. Ƙa'ida ita ce a kankare ƙasar sama a tara ta gefe, in an gama a kwantar da gaɓar ramin, a mayar da ƙasar, a buɗe wa ruwa mafita. In aka bar shi da gaɓa a tsaye, damina ɗaya ta mai da shi kududdufi, ga sauro, ga yara masu zuwa wanka, mai gona kuma ya rasa gonarsa. A sansanin ɗan kwangila a duba tankin man gas: ya zauna a kan daɓen siminti mai katanga da za ta riƙe kashi 110 cikin 100 na abin da tankin ke ɗauka. Baƙin mai a tara shi a duro, kada a zubar a lambatu. Tifa ta rufe kayanta da tamfol.

Ƙaramin jami'i ba shi da ikon tsayar da aiki. Abin da ke hannunsa shi ne rubutu: kwanan wata, lambar kilomitar wurin, hoto, sharaɗin da aka saɓa, da wa'adin gyara, ya miƙa ta hannun injiniyan da ke kula da aikin, ya ajiye kwafi a fayil. Rahoton cike ramuka kuma ya isa teburin injiniyan kafin a sa hannu a takardar biyan kuɗi ta ƙarshe, domin da zarar ɗan kwangila ya karɓi ragowar kuɗinsa ya kwashe injinansa, dawo da gireda ɗaya wurin sai an sake neman sabon kasafi.